Babur ɗin da Teku Ya Cinye

Zuwa ga Malam Sidi, abokin ƙuruciyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya. Ban san adireshinka ba, shi ya sa na rubuta ta a fili, ko wani zai karanta ya kai maka labari.

Soja sun sake komawa bariki, Sidi. Jakara ta cika da fastocin zaɓe, yaran da na koya wa karatu suna yawo cikin manyan riguna suna alkawarin ruwan famfo. Ko leƙawa ban yi ba. Tun da aka sallame ni daga koyarwa da takarda mai layi uku na daina yarda da kowa, mai kaki ko mai hula. Amma ba su ne suka sa ni ɗaukar alƙalami ba.

Ka tuna wancan karon da soja suka miƙa mulki, shekara ashirin ke nan, muka hau babur ɗinka muka nufi Muritaniya, don ka ga ƙasar da kakanka ya baro da raƙuma. Kai ke tuƙi, ni ina baya rungume da taswira, wai ni ne mai ilimi.

Daga Nuwakshot zuwa arewa babu kwalta. Kan jiƙaƙƙen rairayin gaɓa ake bi, teku a hagu, tuddan sahara a dama, hanya na lanƙwasa duk inda ruwa ya lanƙwasa. Ka buɗe wa babur wuta kana ihu kamar wanda aka yi wa bushara. Ban sake ganin farin ciki irin wannan a fuskar mutum ba.

Da la'asar ta yi ka ce mu tura babur ɗin kan tudu. Na ce a'a, nan ƙasa ta fi tauri. Wani masunci ya yi ta ɗaga mana hannu yana nuna sama, na ce kifi yake talla. Na karanta a aji cewa teku yana cika yana janyewa kullum, har na ci jarrabawa a kai. Amma a zuciyata ni Bakano ne, ruwa ba ya tasowa sai da damina, kuma ko gajimare babu ranar.

Muka hau bayan tudu muka yi sallah, ka dafa shayi. Da muka dawo, madubin babur kawai muka hango a saman ruwa.

Na ɗora wa shayinka laifi. Na zage ka a gaban masunta. Abin da ka ce kawai shi ne, "Allah ya huci zuciyarka, Lawan." Ka bi su arewa, ni na juyo gida.

Ga abin da ba ka sani ba. Da na iso, na gaya wa Hajiya mahaifiyarka cewa sakacinka ya salwantar da babur, kuma ka gudu ka bar ni a sahara. Ta yarda da ni, saboda ni ne ɗan boko. A kan wannan maganar ta rasu. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta, ban buɗe baki ba.

Makon jiya wani mai sayar da tsakiya, dutsen adon mata, a Kasuwar Kurmi ya ce ya ga wani Bakano a ƙauyen masunta can Muritaniya, yana limanci, idonsa ya yi rauni. Ya ce idan yana dariya yakan dafe ƙeya. Kai ne.

Na sayar da littattafaina na sayi babur. 'Yata Bilki ta ɓoye makulli sau biyu, ta ce gwiwata ba za ta kai ni ko Maraɗi ba. Wataƙila gaskiyarta. Ran Litinin bayan asuba zan tashi. Ranar Juma'a kuwa na riga na tsaya a ƙofar gidanku, gaban ƙannenka, na faɗi yadda aka yi. Saura kai.

Kada ka yafe mini daga nesa, ɗan'uwana. Ka jira in zo in durƙusa in faɗa da bakina. Idan kabari na tarar, zan tsaya a kansa in faɗa.

Allah ya ja kwananka har in iso. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sanar da ita cewa ɗanta bai gudu ba.

Naka, mai laifi,
Lawan
Jakara, Kano