Sunana a Ƙasan Rigar

Noelene,

Na fita, Trev yana jirana a jirgin kamun kifi, ban so in tashe ki ba.

Kin san rigar ulun da nake fama da saƙarta tun kaka, wadda kika ce ko tunkiyar da aka yi wa aski ba za ta karɓa ba? Jiya na bar ta babu hannu ɗaya. Da safen nan na tarar an gama ta, an ninke a kan kujerar marigayiya mamanki. A ƙasanta an saƙa haruffan sunana da jan zare, yadda take yi wa masunta lokacin tana raye. Da na taɓa tambayarta dalili, cewa ta yi, "Don a gane gawa ne, ɗana, ba kwalliya ba."

Ke ko maɓalli ba ki iya ɗinkawa. Karenmu kuma ban san shi da wannan baiwa ba.

Littafin fatalwar nan da nake karantawa ki mayar laburare, na ƙoshi.

Na tafi da tsohuwar rigata, gara in sha sanyi. Don Allah ki warware sunan kafin iska ta juya. In kuma ba ki ga rigar a kan kujera ba, ki kira Trev ya juyo da mu.

Des