Waɗanda Suka Sa Baki a Hamonikar Baba

Chicago,
Laraba, 14 ga Oktoba, 1953

Zuwa ga ƙanena Cleophus,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Mozelle da ɗiyarku Tressie. Allah ya ba ku ƙarfin aikin auduga, ya tsare bayanku da gwiwoyinku, ya sa ruwa bai ɓata muku abin da ya rage a gona ba. Mu nan sanyi ya fara shigowa. Maigidana Thurman yana nan a mayanka, kullum ya dawo sai na kore shi wanka kafin ya zauna mini a kujera. Lurline ɗiyar Kawu ta sauka lafiya, namiji, da kai kamar kabewa irin na ubansa. Na ja gaisuwar nan ne don labarin da ke tafe ba mai daɗi ba ne. Saboda haka ka samu wuri ka zauna, kuma ka karanta har ƙarshe kafin ka miƙa wa Mozelle.

Baba ba shi da lafiya. Ranar Lahadin waccan da hantsi yana kasuwar titin Maxwell, a wurin da ya saba tsayawa yana busa hamonika, ƴar abar busar nan tasa, an jawo wa lasifikarsa wayar lantarki daga tagar wata mata, jama'a sun yi masa zobe. Na kai masa kofi da burodi na tsaya a baya. Ya zo wurin nan a cikin kiɗan da yake jan dogon numfashi har mata su fara kiran sunan Ubangiji, sai kawai sautin ya yanke, tari ya turnuƙe shi. Da ya ɗauke hankici daga bakinsa na ga jini, ba ɗigo ba, jini sosai. Shi kuwa ko a jikinsa, ya dubi mutane ya ce wai hamonikar ce ta cije shi don ya kwana biyu bai ba ta giya ba, suka kwashe da dariya. Washegari ni da Thurman muka tasa shi gaba zuwa asibiti yana zaginmu tun daga gida har layin ganin likita. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Cleophus, tarin fuka ne, kuma ya taɓa huhu biyun. Ba sai na tuna maka yadda ciwon nan ya cinye Gwaggo Pearlie ba, kai ka ɗauke ta da hannu ɗaya ranar da aka canza mata shimfiɗa. Ranar Litinin mai zuwa za a kai shi asibitin masu tari a bayan gari, kuma ba su ce ga ranar fitowa ba.

Bayan kwana biyu da ɗaukar hoton wata nas ta zo gida, Malama Gaines, baƙa ce irinmu, mai kirki amma ba ta wasa. Ta rubuta sunana da na Thurman, ta ce mu je a duba mu. Har ta miƙe za ta tafi sai idonta ya kai kan tagar ɗakin Baba, ta ga hamonika uku a jiƙe cikin kofin ruwa, kamar yadda yake yi don katakon ya kumbura sautin ya fito da kauri. Ta tambaya ko ban da shi akwai mai sa su a baki. Sai na nemi wuri na zauna. Ka san yadda Baba yake koyarwa. Kullum cewa yake abin da hannu yake yi ana gani, amma abin da harshe da maƙogwaro suke yi ba mai gani, don haka ba a koyar da shi da surutu. Sai ya ja mutum cikin ɗakin nan nasa, ya rufe ƙofa da taga don maƙwabta, su haɗa gwiwa da gwiwa, ya busa, sannan ya cire ta daga bakinsa ya tura a na ɗalibin tun tana da ɗumi, ya ce maza ya nemo sautin kafin ya huce. In mutum ya ce bari ya goge da riga, ranar ya gama koyo a wurinsa. Shekara nawa ana haka a gabana, ina kai musu ruwan sha ina dariya, ko sau ɗaya ban kawo komai a raina ba.

Malama Gaines ta buɗe littafinta ta ce ya faɗi duk wanda ya shiga ɗakin nan a shekara biyun da suka wuce. Na zaci zai yi gardama. Ina! Tsohon nan ya gyara zama, ya sa na ƙara masa matashi, fuskarsa ta washe kamar ana naɗa shi sarauta. Ba suna kawai yake faɗa ba, kowa sai ya yi masa sharhi. Wai Lucius ya zo masa yana hura hamonika kamar mai hura wuta, shi ya nuna masa cewa kiɗan buluz a zuƙa yake, ba a hurawa ba, ana jan iska ciki ne a lanƙwasa ta da maƙogwaro har sautin ya durƙusa. Wai Hosea ya fi kowa kunne amma ba ya iya yin shiru, wata shida ya yi yana koya masa ya bar fili tsakanin kuka da kuka don mai sauraro ya samu wurin sa nasa baƙin cikin. Wai wani yaro ɗan Arkansas da yanzu faifansa yake tashe, a hannunsa ya ga yadda ake dunƙule hamonika da makirufo wuri guda a toshe duk wata kafa, har ƙaramar aba ta yi ruri kamar ƙahon jirgin ruwa, amma ko gaisuwa ba ya aikowa, ɗan banza. Matar tana rubutu, yana lissafi. Da suka tsaya sunaye talatin da bakwai ne. Ya ce da ita ta adana takardar nan da kyau, don ba a taɓa rubuta tarihinsa ba sai yau.

Rabin mutanen ba su da adireshin kirki, don haka ni na shiga gari nemansu, shagon aski, wurin wankin mota, bakin masana'anta lokacin tashi. Lucius ya yi dariya har da dukan cinya, wai ai ya daɗe yana faɗa wa mutane cewa duk abin da ke ƙirjin Tsoho Ozell ya kwashe, yanzu ga likita zai ba shi shaida a rubuce. Na ce masa Allah ya shirye shi, amma na ga hannunsa yana shafa ƙirji bayan na juya. Wani ya rantse mini bai taɓa koyon komai wurin Baba ba, shi da kansa ya ƙago salonsa, alhali ni na sha dafa masa wake da burodin masara a gidanmu. Amma gidan Hosea ne ya karya ni. Tun daga matakala na ji tarin. Mutumin nan da ƙofa take yi wa kaɗan, yanzu wuyan rigarsa yana yawo. Matarsa Idella ta saurare ni har na gama, sannan ta ce in faɗa wa ubana ta gode, ya koya wa mijinta yadda ake sa mutane kuka, ga shi an fara daga gidanta. An duba Hosea shekaranjiya, yana da shi, shi da ƙaramar ɗiyarsu. Cikin goma sha ɗaya da aka duba zuwa yau, an samu huɗu.

Kada ka ɗauka na tsani kiɗan nan. Allah ya sani ba ni da abin alfahari kamar in ce ni ɗiyar Ozell Purifoy ce. Har gobe ina tuna shi a barandar gidanmu na da, da yamma bayan an taso daga gona, yana kwaikwayon jirgin ƙasa da hamonika: ya taso daga nesa a hankali, ya yi gudu, ya yi kuka a mahaɗa, ya wuce, har kai ka ruga bakin hanya kana nemansa. Ba ya cika sauti da yawa. Guda ɗaya zai kama ya riƙe, ya girgiza shi da maƙogwaro, ya sake shi lokacin da ba ka zata ba, kuma ko cikin mutum ɗari aka rufe mini ido zan ce ga Baba. To yanzu abin da nake so ɗin ne yake tsorata ni. Jiya na wuce wani shagon abinci, faifai yana juyawa, na ji wannan zuƙar tasa sak a bakin wani da ban ma san shi ba. Da can da na yi murmushi. Jiya kuwa tsayawa na yi ina tambayar kaina wa ya koya wa wannan, a wane ɗaki, kuma su wa yake kwana da su. Duk unguwar nan numfashin Baba ne, ta ko'ina na juya shi nake ji.

Yanzu ga dalilin takardar. Da na zauna na bi sunayen nan ɗaya bayan ɗaya, na ga babu naka. Na shiga na tambayi Baba. Ya kau da kai ya ce ai kai ba ɗalibi ba ne, ɗa ne. Na ce masa ciwon bai san wannan ba. Sati uku ka yi a nan cikin Afrilu, a ɗakinsa ka kwana, gado da gado, taga a rufe, kuma tun lokacin yana wannan tarin da muke cewa na taba ne. Kullum kuna ciki kuna miƙa wa juna. Ranar da za ka tafi ya ba ka tsohuwar hamonikar nan mai lotsattsen murfi wadda ya zo da ita daga gida, na ga yadda ka sa ta a aljihun ƙirji kana ta taɓawa, don na san shekara talatin kana jiran tsohon nan ya ce ka iya. Sai na ɗauko wasiƙarka ta watan jiya na karanta masa, wurin da ka ce Tressie ba ta rabuwa da ita, kana busawa kana sa mata a baki kamar yadda aka yi maka, har ta fara lanƙwasa sautin rami na huɗu tana ƴar shekara biyar. Da wurin da ka ce kai da ita kuna ɗan tari amma ƙurar auduga ce. Cleophus, sau uku na karanta layin nan a watan jiya ban ga komai ba. Yanzu ko ido na rufe shi nake gani.

Baba ya tambaye ni, da wata ƴar murya, wai da gaske rami na huɗu? Na ce haka ka rubuta. Sai ga hawaye. Ni ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne Mama busa ya yi. Ya ce talatin da bakwai ɗin nan shi ya kira su da bakinsa kuma ba ya jin kunyar ko ɗaya, amma in kai ne na talatin da takwas, yarinyar nan ta talatin da tara kada Allah ya sa a rubuta ta. Ya ce in faɗa maka ka jefa hamonikar a murhu. Mutumin da ko wadda ta mutu ba ya yarwa, sai ya naɗe ta a tsumma ya ajiye, shi ne ya ce ka ƙona ta, kuma ka tsaya a wurin har katakon ya cinye.

Na tambayi Malama Gaines. Ta ce ba za ta rantse a kan ƙarfe da katako ba, abin da ya fi damunta kai ne, da ɗakin da ka kwana, da yarinyar da kake rungumewa. Ta ce yanzu akwai magani ba kamar zamanin Gwaggo ba, amma sai an kama abin da wuri. Don haka ina roƙonka don girman Allah, ranar da takardar nan ta iso, ka nemi ranar da asibitin gunduma yake duba baƙaƙe, ka kwashi Mozelle da Tressie ku je a ɗauki hoton ƙirjinku. Na san lokacin auduga ne, na san Baturen gonar zai ɗaure fuska ya ce ba mai barin layin auduga. Ya ɗaure. Kada ka tsaya shan ganye, kada ka ce sai an gama aiki, na san taurin kanka, gado ka yi. Kafin ku je, Tressie ta koma kwana wurin uwarta, kofinka daban, cokalinka daban, kuma kada ka sumbace ta. Ni ma ranar Juma'a za a faɗa mini nawa sakamakon, kuma ba na iya cin abinci, amma wallahi ba kaina nake ji ba.

Ka gaishe mini da Mozelle, ka ce ta yafe mana, ba mu sani ba. Ka gaida Kawu Alonzo da Inna Bertha, da Fasto, ka ce su sa mu a addu'a ranar Lahadi ba tare da sun faɗi sunan ciwon ba. Thurman yana gaishe ka. Baba bai ba da saƙon gaisuwa ba, ya juya fuska bango tun jiya, ko kofin da ke taga bai sake kallo ba.

Tressie za ta yi kuka in ka karɓe hamonikar daga hannunta, za ta tambaye ka laifin da ta yi. Ka ce mata ba ta yi komai ba, ka ce kakanta ya ji labari kuma ya ce ta iya. Sannan ka bar ta ta yi kukan, ka sa kunne a bayanta ka saurari numfashinta, ka rubuto mini abin da ka ji a ranar, ko layi ɗaya ne. Ina bakin akwatin wasiƙa.

Yayarka da ba ta da wani ɗan'uwa sai kai,
Odessa