Zuwa ga Yaya Lawal, kafin a buɗe gasar bana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina rubuto maka ne daga Riyad, a cikin motar da nake dakon kayan gwari da ita a kasuwar Aziziya, kafin a gama lodin tumatir. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma wata bakwai ke nan da rasuwarka, maganar nan ta ƙi barin ƙirjina.

Asabar mai zuwa za a buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta kwalejoji. Da ka ga yadda guruf ɗin waya na tsofaffin ɗaliban kwalejinmu ya cika da zance. Kowa cewa yake bana kofi namu ne. Sai lissafo ɗalibanka ake yi: Nura mai tsaron gida hannunsa ya faɗa, Ɗan'asabe mai lamba tara ya warke daga targaɗe, 'yan bayan nan biyu da ka ɗauko tun suna ajin farko yanzu ba a wuce su. Har wani ya ce a fara neman motar da za ta kwashi mutane zuwa wasan ƙarshe.

Shekara shida ka yi kana horar da ƙungiyar kwalejin nan, bayan koyarwar da kake yi da safe. Zuwana hutu na ƙarshe ka ja ni fili da la'asar. Kai ne mai zuba toka a layi, kai ne mai hura ƙwallo, kai ne mai tsare ɗan wasa ka tambaye shi ko ya ci abinci. Kullum maganarka ɗaya: “Ku ba ni lokaci, ba su gama girma ba.”

Ni ne ban ba ka ba, Yaya.

Bara, ranar da aka fitar da ku a wasan kusa da na ƙarshe, raina a ɓace yake, kafilina, maigidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ja min rai kan sabunta iƙama, takardar izinin zamana a ƙasar nan. Na buɗe waya na tarar ana ta caccakarka. Maimakon in tare maka, sai na rubuta cewa a canza koci, shekara shida babu kofi ta isa. Wani ya ɗauki hoton maganar ya yaɗa, wai ga shi har ƙaninsa ya gaji.

Amsarka kalma biyu ce: “Na gani.”

Ban kira ka ba. Na ce in na zo gida da Sallah ma zauna, in ba ka haƙuri ido da ido. Ban samu izinin tafiya ba, kai kuma hawan jini bai jira Sallah ba.

Matarka Anti Binta ta ce min ba ka taɓa tayar da zancen a gida ba. In wani ya kawo maka shi, sai ka ce, “Ku ƙyale Sabi'u, wahalar waje ce.” Wallahi da zagina ka yi, da ya fi min sauƙi.

Yanzu waɗanda muka taru a kanka su ne ke sa hotonka, suna cewa kai ka gina ƙungiyar. Mataimakinka, Malam Bashir, shi aka ba riƙo. Jiya wani ya rubuta cewa in bai kawo kofi bana ba, ya tattara nasa ya nasa. Na tsayar da mota a gefen titin Utaiƙa, na rubuta musu cewa mutumin nan yana da iyali, kuma suna karanta abin da muke rubutawa. Na ce ko an ci mu, a bar shi ya yi aikinsa. Sai kawai suka ci gaba da musun wa zai buga lamba goma.

Ka yafe min, Yayana. Na yi maka umara, na roƙa maka abin da bakina ya kasa faɗa maka kana raye. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya raya abin da ka bari, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Ƙaninka da bai kyauta ba,
Sabi'u