Madannan da Mama Ta Ɗiga wa Jan Farce

Makorora, Tanga.

Zuwa ga yayata, Dada Mwanaisha,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya sassauta muku zafin Maskat, Ya ƙara rufin asiri. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya ɗauke, ƙafar Gwaggo Tausi ta yi sauƙi, Baba kuma ya dawo cin abinci, wanda shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Dada, ba na jin zan taɓa manta Talatar nan. Ina zaune a bakin ƙofa da littafi a hannu, an zo daidai inda yarinyar za ta shiga jirgin ruwa ba tare da ta yi sallama da masoyinta ba. Na ga hadari ya haɗo ta wajen teku, na kuma san ni ce zan je in ɗauko Baba daga teburinsa na ƙarƙashin mangwaro, amma na ce bari in ƙarasa shafi ɗaya. Kafin bajaji mai ƙafa uku ta kai ni, ruwa ya sauka. Na tarar da shi ya kifa ƙirjinsa a kan kwamfutarsa, bayansa sharkaf. Da maigidana Kombo ya dawo daga shagonsa na gyaran waya, ya buɗe ta, ya shinshina, ya ce sai dai haƙuri, ta riga mu gidan gaskiya. Ban gaya miki laifina a waya ba, kunya ta hana ni.

Sabuwar da kika aiko ta iso, Allah Ya saka miki da alheri. Sai dai kin tafi tun idonsa na ɗan gani, ba ki san yadda yake aiki ba. Lokacin da ganin ya fara dushewa, Mama, Allah Ya jiƙanta, ta ɗauki jan farcenta ta ɗiɗɗiga a kan madannan kwamfutar, wani ɗigo ɗaya, wani biyu, wani a gefe. Da su ya shekara shida yana buga wa mutane takardun koke. A kan sabuwar kuwa, ranar farko wata bazawara daga Pongwe ta zo a kan rigimar gonarta. Ya buga, ya ce in karanta mata, na duba na kasa furta ko kalma ɗaya. Matar ta yi godiya a hankali, ta koma teburin gaba. Na mayar da Baba gida. Ya kwanta ya juya wa ƙofa baya.

Na sayo jan farce irin na Mama sak, na bi madannan sabuwar na ɗiga, ina ganin kaina kamar jarumar da za ta ceci gida a babin ƙarshe. Ya shafa, ya ce Allah Ya yi mini albarka, amma na zuba su kamar mai barbaɗa gishiri a miya. Wai Mama ba haruffa ta bi ba. Wata guda ta yi tana zaune tana kallon hannunsa, duk inda yatsansa ya saba kaucewa, nan take sa ɗigo. Na shiga ɗaki na yi kuka na ƙoshi.

Kombo ne ya ce ai madannan ba su mutu ba, cikin ne ya ƙone. Ya kwance allon madannan daga gawar, sai ga wata siririyar waya mai faɗi tana reto, wadda ba ta shiga jikin kowace kwamfuta. Wani abokinsa ya aiko masa ɗan ƙaramin allon lantarki daga birnin Dar. Sati biyu, kullum bayan la'asar, ni ina danna madanni ɗaya ɗaya, shi yana bin zaren wayar yana liƙawa da dalma. Yana yi yana tsokanata, wai a littattafaina miji mota yake kawo wa amarya, ni nawa haƙoran mushe ya kawo mini. Na ce masa ko a wane littafi ban taɓa ganin miji ya ƙona wa matarsa mayafin tebur har wuri uku ba. Kafinta ya yi wa allon ɗan akwati, muka jona shi da wadda kika aiko.

Da muka ɗora wa Baba a cinya, sai da ya ce mu daina wahalar da tsoho. Kombo ya ce, "Mze, dattijona, taɓa kawai, in ba ta yi ba ka ƙwace 'yarka." Ya ɗora yatsunsa, ya bi ɗigon Mama ɗaya ɗaya yana shafawa. Can ya fara bugawa, Dada, da saurin nan nasa da kika sani. Koken bazawarar ya buga daga ka, tun daga sunan ƙauye har iyakar gonar. Na karanta masa, babu kuskure ko ɗaya. Ya share fuska da hularsa, ya tambaya ko akwai sauran tuwon ugali da kifi, ko kuwa mai karatun soyayya ta bar tukunya ta ƙone.

Na ji abin da kika ce a saƙonki, a bar wa wani wurin teburin, Baba ya zauna gida ya huta. Na san tausayi ne ya sa ki faɗa. Amma ni na ga irin hutun: kwana goma sha tara fuskarsa na kallon bango, shayi yana hucewa a gefensa. Gaskiya ne kayan sun zama biyu yanzu, ba zai iya ɗauka shi kaɗai ba, kuma tun rasuwar Mama ba shi da tsayayyen mai karanta masa abin da ya buga.

Baba yana sa miki albarka. Gwaggo Tausi da Kombo suna gaishe ki. Ki gaida Malam Salim, ki shafa mini kan Rehema da ƙaninta Juma.

Ba zan ba da wurin ba, Dada. Mun yi shawara da Kombo, ya amince. Daga Litinin ni zan riƙa raka Baba kowace safiya, in zauna kusa da shi har a tashi.

Taki har kullum,
ƙanwarki Siwema.