Zaren Ƙafar Baba

Amman, 9 ga Satumba

Yaya Mu'ayyad,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Suhaila da yara. Ya zafin Dammam? Na zaɓi takarda ne saboda Baba na kasa kunne duk sa'ad da ka kira, ni kuwa muryata ba ta iya ɓoye komai.

Tun aikin da aka yi masa gwiwar dama ta ƙi lanƙwasuwa, ciwon suga kuma ya hana gyambon diddigen warkewa. Wata biyar ke nan bai fita ba sai a motar asibiti. Abu ɗaya yake roƙo, a kai shi Ajlun ya ga kaɗar zaitun, ya tsaya a kabarin Mama. Na ce ya zauna gaba in ja masa kujera, sai ya harare ni, wai shekara talatin yana alƙalanci bai taɓa zama gefen direba ba, kuma ba zai shiga garinsu a kwance kamar buhun gari ba. Ka dai san halinsa.

Shi ne na auna ƙafar da zaren labule, daga ƙugu zuwa diddige, na yanke. Da shi zan nemi sabuwar mota, tunda ka ce a sauya ta Baba.

Ƙanwarka,
Rudaina

Amman, 4 ga Oktoba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ya jikin ƙaramarku? Na ga jerin motocin da ka turo, kowace da ƙarfin injinta. Allah ya saka, amma Baba ba tsere zai je ba.

Wuri bakwai na shiga, ina durƙusawa a bayan mota da zarena. Wani dillali har ya tambaye ni ko mota na zo saya ko wando zan ɗinka mata. Shi ne dai ya yi mini bayani. Manyan motocin Jamus ɗin nan da Baba ke so, injinsu a miƙe yake kwance, ya cinye gaba, sannan wani ƙarfe ya bi ta ƙasa zuwa tayoyin baya, shi ya ta da tudun nan na tsakiya. Tafiyarsu lumui, ba ƙara, amma zarena ya fi wurin da yatsa huɗu, tudun kuma ya hana a karkata ƙafa. Akwai wata mai inji a gicciye, tayoyin gaba ke janta, ƙasanta a shimfiɗe. A cikinta zaren ya shiga a karkace. Dillalin ya ce ba ta kai waccan daɗin hawan dutse ba, na ce na ji.

Baba ya kalli hoton ya ce wannan ai motar likitan haƙori ce. Kwana uku muna ja kafin ya yarda, sai dai baƙa yake so, ita kuma sai an kawo daga tashar jiragen ruwa ta Aƙaba. Yatsun ƙafarsa biyu sun soma duhu. Yaya, tsoro nake ji.

Rudaina

Amman, 20 ga Nuwamba

Yaya Mu'ayyad,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan ka koma lafiya. Ga abin da ya biyo bayan tafiyarka.

Motar ta iso ranar Alhamis, kwana uku da yanke ƙafar. Yanzu kowace mota ta ishe shi, har 'yar ƙaramar tawa, amma ya ce in sauke labule, ba zai je Ajlun rabi ba. An gama kaɗar zaitun tuni. Kawu Salameh ya aiko da gwangwanin man zaitun daga can, yana nan ban buɗe ba.

Da asibiti suka tambayi inda za a binne ƙafar, bai ko ɗago ba ya ce kusa da Mama. Ni na tuƙa. Sun naɗe ta da farin ƙyalle, suka nufi but ɗin kayan motar da ita, na ce a'a, a sa ta kujerar baya, ɓangaren dama inda ya saba zama. Ta shiga ba tare da an karkata ta ba, har da sauran wuri. Kawu da liman suka yi abin da ya dace, ni ina tsaye daga nesa.

Da na dawo ya tambaye ni ya motar a kan dutse. Na ce lafiya lau. Ya ce madalla, ya juya fuskarsa bango.

Kada ka ƙara turo hoton mota. Ka gaida Suhaila, ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Rudaina