Ni Na Tsuke Wandon, Surukata Ta Sha Faɗa

Malama mai shawara, don Allah ki taimake ni, wata biyu ke nan abin nan ya tsaya mini a wuya. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'ya'ya uku kafin na shiga ajin manya.

Babban ɗana soja ne, motocinsu yake gyarawa. Da suka zo hutu shi da matarsa na ga kakin aikinsa a kan igiya, raina ya ɓaci. Wando kamar buhu, aljihu har a cinya, gwiwa an ninka mata ƙyalle kamar faci. Aljihun ma babu maɓalli, sai abin nan mai mannewa da ke ƙara in an ɓalle. Yayana tsohon soja ne, ya ce a zamaninsu kaki in ya sha sitaci shi kaɗai yake tsayuwa, wannan kuwa sai dai masu ɗaukar siminti. Ɗana ya yi dariya, ya ce ai Kawu bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota da nasa ba. Amma maganar ta zauna mini. Ina da shekara talatin a kan keken ɗinki, a ce ɗana yana yawo haka?

Ana gobe za su koma suka fita sallamar dangi. Na tsuke wandon, na farke facin gwiwa, na ɗinke aljihun cinya don ya kwanta, na sa sitaci na goge har yana ƙyalli. Akwai ɗan rubutu a wuyan rigar kakin. Ban iya harshen ba, kuma girman kai ya hana ni kai wa maƙwabciyata, kada ta ce ina karatun da nake taƙama da shi. Na ninke na sa a ƙasan jakarsa, ina jiran ya bugo ya gode.

Ashe da isarsa aka kira su aiki, bai samu damar nemo wani ba. Yana durƙusawa zai duba taya a gaban shugabansa, wandon ya yage ta baya. Aka hore shi don ya taɓa kayan gwamnati, abokansa kuma har yau Ɗan Gayu suke ce masa.

Ga inda kunyar take. Matarsa ce ke haɗa masa jaka, kuma tana koyon ɗinki a wurina, sai ya ɗauka ita ce. Ya yi mata faɗan da bai taɓa yi ba. Yarinyar nan ta san ɗinkin hannuna, amma ba ta tona ni ba. Da na soma kame-kame a waya, cewa ta yi Mama a bar maganar, ta wuce. Ni kuma na bari.

Ƙarshen wata za su zo. Ina tsoron in faɗa girmana ya zube a idonsa. Kuma tsakani da Allah, har yanzu kakin nan bai yi mini kyau ba.

Daga uwar soja

*

Mama, rubutunki ya fita sarai, kada ki ƙara ba da haƙuri a kansa.

Idonki bai yi ƙarya ba, kakin aiki ba abin ado ba ne. Masu sa shi ma suna ƙorafin zafinsa da ƙarar abin mannewar nan. Amma an yi shi da faɗi ne don mai shi ya durƙusa ya miƙe, facin kuma gwiwarsa yake karewa, aljihun cinya nan hannu ke kaiwa in yana kwance a ƙarƙashin mota. Wanda Kawu yake tunawa ya fi kama da na fareti. Kin yi ɗinki mai kyau ne a inda ba a buƙace shi ba, kuma ƙauna ce ta sa ki.

Wando ya riga ya yage, wannan ya wuce. Abin da bai wuce ba shi ne yarinyar da ke ɗauke da laifinki. Duk ranar da kika ƙara a shiru, ita ce ke biya.

Kada ki jira ƙarshen wata. Ki fara kiranta ki nemi afuwa, ki gode mata. Sannan ki kira ɗanki ki ce masa ke ce, a taƙaice, kada ki sako Kawu. Zai iya yin fushi na kwana biyu, ki jure. Girmanki ba zai zube don kin faɗi gaskiya ba, amma zai taɓu in wata rana ya gano da kansa.

In sun zo, ki sa ya karanta miki rubutun wuyan rigar, ya nuna miki amfanin kowane aljihu. Sai ki auna shi ki ɗinka masa kayan gida yadda ranki yake so.

Allah ya tsare miki sojanki, ya bar miki wannan suruka. Ki riƙe ta hannu biyu.