Inna Tana Raba Maganinta Biyu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan da sauƙi, in dai irin wannan zaman ana ce masa sauƙi. Auta ta koma makaranta, ƙafar Kawu ta yi dama, mai gidan haya kuma yana nan garau, kullum sai ya leƙo ya yi mana gaisuwar da ba ta Allah da Annabi ba. Na zaɓi in rubuto ne don na san halina. In na kira ka, kafin in kai ga maganar na ɗaga murya, kai kuma ka ce ba ni da kunya ka katse. To ga shi a rubuce. In ka ga dama ka yaga, amma ka fara karantawa.

Ka tuna ranar da ka kira Inna ka ce za ka rage abin da kake aikowa, don can ma rayuwa ta yi tsada? Ban ga laifinka ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ba ka tsaya nan ba, sai da ka ɗora mata wa'azin tattali. Ina zaune a bakin ƙofa ina jin ka kana cewa zamanin nan sai an raba komai biyu, abin wata ɗaya ya kai wata biyu. Ka kashe wayarka ka manta. Ita kuwa ka san yadda take riƙon maganar ɗan fari. Washegari ta sa zare ta yanka sabulu. Ganyen shayi sai an tsoma an shanya an sake tsomawa. In ta sauke tukunya sai ta yayyafa wa gawayin ruwa ta kwashe na gobe. Har ashana na ga tana tsagawa. Dariya na riƙa yi, ina ce mata saura ni, ta raba ni biyu, rabi ya tafi aiki, rabi ya zauna gida ba ci ba sha.

Kada ka ɗauka ni ina kwance ne. Shagon hoton takardu da nake aiki, wuta ba ta zama, masu zuwa sun ragu, maigida ya sallami abokin aikina. Da ƙafa nake zuwa, da ƙafa nake dawowa, takalmina har mai gyara ya ce in ji tsoron Allah in ƙyale shi ya huta. Abincin rana na daina saninsa. Littattafan tattalin arziki da ɗalibai ke kawowa a buga musu, duk na karanta su a tsaye gaban inji, kuma wallahi duk wanda ya rubuta su sai da ya ƙoshi ya yi gyatsa kafin ya ɗauki biro. Ba wanda ya faɗi yadda ake tanadi daga babu.

Makon jiya Inna ta faɗi a bakin famfo tana wanki. Maƙwabciyarmu ce ta aiko a kira ni. Na tarar bakinta ya ɗan karkace, hannun hagu ba ƙarfi. A asibiti likita ya ce jininta ya hau sosai, ya tambaya ko ta daina shan magani. Na rantse masa tana sha kullum, a gabana ma. Da na koma gida ɗauko gwangwanin maganin don ya gani, sai ga reza a ciki, ga ƙwayoyin hawan jinin duk an tsaga su rabi-rabi, wasu sun zama gari. Tun ranar wa'azinka rabi take haɗiya. Likita ya ce wannan karon Allah ya taƙaita, amma in ta ci gaba, na gaba shanyewar ɓarin jiki ne ko abin da ya fi haka.

Ba kuɗi nake roƙo ba, kwantar da hankalinka. Na kwashe littattafaina na kai wa mai shago ya auna a sikeli, yanzu da su yake ƙunshe wa mutane kaya, na sayo maganin wata guda cur. Matsalar ita ce ta ƙi shan ƙwayar cikakkiya. Na lallaɓa, na yi faɗa, har kuka na yi, ni da ka sani. Sai ta ce ni yaro ne, ban san zafin nema ba, yayanmu da ke wahala a uwa duniya ya fi ni sanin zamani, ita ba za ta zame wa ɗanta kaya ba. In na tsaya a kanta ta sa ƙwayar a baki, ina juya baya ta gatsa ta ƙulle rabin a bakin zane. Jiya Auta ta tsinci guntayen a zanen lokacin da za ta yi wanki. Hoton sababbin kujerun falonka da ka turo kuwa, kowa ya shigo sai ta nuna masa tana sa maka albarka. Ni kuwa sai in ce amin. Ka ga ai ina koyon haƙuri.

Abu ɗaya nake so. Ka kira ta, ita ba ni ba, ka ce mata da bakinka magani ba ya cikin abin da ake rabawa, ta sha shi ɗungurungum. Kada ka tsaya zagaye-zagaye, kada ka ce ni na sa ka, don za ta ce na kai ƙararta. Bakin da ya ɗaure shi ke kwancewa. Direban da ya kawo maka takardar nan ya ce kwana zai yi a hanya, wato kafin ka karanta ta sake gatsa wata. In ka bari sai ka samu sarari, ni zan kira ka, kuma ranar ba za ka katse ba.

Ka gaishe da Anti, ka shafa mini kan Baba Ƙarami da 'yar autarku da ba mu taɓa gani ba sai a hoto. Kawu da Auta suna gaisuwa. Inna ba ta san na rubuto ba. Da ta sani, da ta ce in faɗa maka tana nan lafiya lau.

Ƙaninka,
Sarkin Tsiwa, kamar yadda ka raɗa mini.